Ramar Gwadabe a Tafkin Kada

A zamanin Sarki Barmo, birnin Magurji ba shi da gishiri, ba shi da ma'adinin ƙarfe, ba shi kuma da mayaƙan da ake tsorata yara da sunansu. Arzikinsa rama ce. Daga ƙofar gabas har bakin kogi fadama ce shimfiɗe, ana shuka ramar a cunkushe da gangan don ta miƙe sambal ba reshe, har ta fi mahayin doki tsawo. In ta fara fure sai a sare, a ɗaure dami-dami, a danne da duwatsu cikin kogi har ɓawon ya ruɓe ya saki zare. Sannan a saɓule, a wanke, a shanya, maza su zauna a inuwa suna murzawa a cinya. Igiyar guga, da dabaibayin doki, da ragar masunta, da igiyar ɗaurin kayan raƙumi, duk daga nan suke fita. Kowace shekara kuma ana loda wa raƙuman Tambari, shugaban Abzinawa, igiya kyauta, shi kuwa in yaƙi ya taso wa Magurji ya aiko da mayaƙansa. Da igiya birnin yake sayen barcinsa tun kaka da kakanni.

Mai riƙe da wannan sana'a shi ne Sarkin Tufka Gwadabe, dattijo dogo wanda cinyarsa ta dama ta yi kanta saboda murza. Gwani ne, wannan ba gardama. Amma Allah ya haɗa masa gwaninta da girman kai, kuma ba ya zama a taro ya tashi bai faɗi cewa igiyar gidansa ba ta taɓa tsinkewa ba. Mutum ɗaya ya tsana a duniya, Galadima Cindo, mai gonakin auduga da masaƙa da marina, wanda in Gwadabe ya shigo fada yakan ja bakin rawaninsa ya rufe hanci, wai warin jiƙo ya dame shi. Shekara da shekaru, in Galadima ya ce gabas, Gwadabe yamma zai ce, ko da gidansa a gabas yake. Duk fada an san haka, Galadima kuwa ya fi kowa sani.

A ƙarshen wata damina, an gama sare rama ke nan tana jibge a fadama ba a kai ga jiƙa ta ba, wani manzo ya shigo fada da hantsi, ƙura har gira. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, “Allah ya ba ka nasara, Sarki Duna na Tsagaya ya ɗaura yaƙi. Bai jira an kai hatsi rumbu ba. Na bar shi a bayan duwatsu da runduna mai nauyi, tafiyarsa ta hawainiya ce. Ba zai ga ganuwarmu ba sai wata ya mutu.”

Sarki Barmo ya dubi majalisa. Mutum ne mai kirki wanda bai iya yanke magana ba sai ya ga inda ta rinjaya. Ya ce a faɗi abin da aka gani.

Galadima Cindo ya gyara zama, ya ce, “Zaki, Allah ya ja zamaninka. Abin da ke wajen ganuwa na abokin gaba ne. Ramar nan in muka bar ta, Duna zai yi rumfa da karanta, ya ɗaure tsani da zarenta, ya hau mana ganuwa da abin hannunmu. A sa mata wuta yau. Ciyawa ce, baɗi wata za ta fito. Ban ga dalilin da za a tsaya ana shawara a kan ciyawa ba, alhali ga tufafin mutane da hatsinsu suna jiran a shigo da su.”

Kalmar ciyawa ta soki Gwadabe har ƙashi. Ya taso ya durƙusa gwiwa bibbiyu, ya ce, “Allah ya ba ka nasara, ciyawar nan ita ta gina zauren da Galadima yake zaune a ciki. Ya gaya mana, da me za mu kira Tambari? Da zanen gado? Abzinawa ba sa hawa raƙumi don kunya, igiya suke gani su taso. In aka ƙona ramar bana, an ƙona alkawarin kakanninmu, mu kuma mu tsaya gaban Duna mu kaɗai. A ba ni jakuna da bayin fada, in kwaso ta cikin birni.”

Galadima ya yi murmushi, irin na wanda ke lallashin yaro. Ya ce, “To ka kwaso, Sarkin Tufka. Ka jiƙa ta a ina? A randar matarka? Kogi na waje, masu leƙen asirin Duna kuwa ba za su bar maka dami ɗaya a cikinsa ba. Rama in ta bushe da ɓawonta ai ta tashi aiki, ko ni da ban gaji sana'ar wari ba na san wannan. Ka haƙura, dattijo. Bana ba shekararka ba ce.”

'Yan majalisa suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Wannan dariya ita ta ci Magurji, don ita ta sa Gwadabe ya faɗi abin da bai zo da niyyar faɗa ba. Ya ce, “Akwai ruwa a cikin birni. A jiƙa ta a Tafkin Kada.”

Tafkin Kada shi ne ruwan shan birni, na mutane da dawaki, tunda rijiyoyin cikin ganuwa kaɗan ne, ruwansu kuma zartsi. Akwai wani tsohon kada a ciki da ba wanda ya san shekarunsa, kuma tun kafuwar gari an hana ko tsinken rama ya taɓa wannan ruwa. Mai tsaron wannan al'ada ita ce Magajiya Kuluwa, yayar Sarki, wadda ke zaune a gefen karaga da sandarta. Ta buga sandar a ƙasa, ta ce, “Barmo, ƙanena, ka ji abin da aka faɗa a gabanka? Waɗanda suka hana ba mahaukata ba ne. Kai kuma Gwadabe, kai ne ka fi kowa sanin abin da jiƙo ke yi wa ruwa. Kogi yana tafiya da ruɓarsa, tafki ina zai kai ta? Ka dube ni ka ce ƙarya nake.”

Gwadabe bai iya duban ta ba, don ya sani sarai. Tun yana yaro yake ganin kududdufin da aka jiƙa rama ya koma baƙi, kifaye su taso ciki sama. Amma Galadima na kallon sa, kuma ja da baya a gaban Galadima ya fi masa mutuwa ɗaci. Ya ce, “Ranki ya daɗe, tafkin babba ne, a gefe guda zan sa. Hadari bai gama ba, ruwan sallamar damina na nan tafe, zai wanke komai. Kafin Duna ya ƙetare duwatsu na tsame ta, na murza, raƙuman Tambari sun ɗauka. Na ba da wuyana a kan haka.”

Sai Galadima ya buɗe hannuwa, ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kayar. Ya ce, “Zaki, na janye maganata. Mai sana'a ya ba da wuyansa, wane ni in yi jayayya da shi a kan abin da ya gada? A yi yadda ya ce.”

Sarki ya ga manyan abokan gaba biyu sun haɗu a kan magana ɗaya karon farko a mulkinsa, ya ɗauka alheri ne. Ya ce an yarda. Magajiya ta tashi ta fita ba sallama. Gwadabe kuwa ya koma gida yana jin kansa a sama, wai yau ya kayar da Cindo a gaban Sarki. Kaico, da ya waiwaya ya ga fuskar wanda ya kayar ɗin, da bai ci tuwo ba ranar.

Aka yi ta jigila. Jakuna da bayi da matan unguwar matufka suka yi ta shigo da dami har gefen tafkin ya cika, aka matsa tsakiya, don ramar bana ta yi kyau fiye da ta kowace shekara, gefe guda bai ɗauke ta ba. Aka danne da duwatsu da gumagumai. Fadama ta zama fili, ba abin da ya rage sai kututturan rama da aka sare cikin gaggawa a karkace, tsininsu a sama, rana na busar da su.

Ruwan sallama bai zo ba. Hadari ya haɗu a gabas sau da yawa, ya yi ta rugugi, iska ta watsa shi. Abin da ya zo shi ne Duna, kuma wata ko rabi bai yi ba. Da rana tsaka masu gadi suka hango ƙurarsa. Aka nemi manzon nan da ya ce tafiyar hawainiya ce, aka rasa shi, sai daga baya aka tuna cewa a gidan Galadima ya saba sauka. Duna bai harba kibiya ko ɗaya ba. Ya kafa sansani a bakin kogi, ya tare hanyar ruwa da hanyar arewa, ya sa aka yi masa rumfa ya zauna.

Gwadabe yana da ɗa guda namiji, Barau, magidanci mai 'ya'ya, wanda ya bar tufka ya zama barde a rundunar Kaura, shugaban yaƙin Magurji. Ranar da aka rufe ƙofofi Barau ya sami ubansa a bakin tafki, ya durƙusa ya ce, “Baba, ruwan ya fara kumfa. Dokina ya sha yau da ƙyar. Hanyar Tambari ta toshe, igiyar nan ba inda za ta je. Ka sa a tsame ta tun da sauran abin sha.”

Gwadabe ya zaro kara ɗaya, ya gwada ɓawon da farce. Bai saki ba. Ya ce, “In na tsame ta yanzu, ba ta zama igiya ba, ba ta koma rama ba. Asara biyu ke nan, kuma Cindo ya sami abin faɗa har jikokinsa. Saura kaɗan, Barau. Ka bar ni da abin da na sani, ka je ka riƙe mashinka.”

“Baba, mutane za su sha ruwan nan.”

“Na ce saura kaɗan.”

Barau ya tashi ya tafi. Bai sake yi masa maganar ba, ba kuma don ya yarda ba, sai don uba ne.

Kaɗan ɗin nan shi ya ƙarasa tafkin. Ruwa ya koma baƙi mai yauƙi, wari ya cika birni har cikin fada, Galadima bai ma ƙara wahalar rufe hanci ba. Kifaye suka taso fari fat. Mata suka yi ta tacewa da tsumma suna tafasawa, duk da haka ciki ya ɓaci a gida-gida, aka fara ɗaukar yara da tsofaffi zuwa makwanci. A bakin rijiyoyin zartsi ana dambe a kan rabin guga. Rannan da azahar, jama'a na gani, tsohon kadan nan ya fito daga ruwa, ya ja jiki ya bi babbar hanya, ya ratsa kasuwa ba wanda ya taɓa shi, ya je ya kwanta a ƙofar gabas da hancinsa a jikin ƙyaure. Magajiya Kuluwa ta zo ta tsaya a kansa, ta ce a buɗe masa. Aka buɗe kaɗan, ya fice ya nufi kogi. Ta juyo ta dubi mutane, ta ce, “Mai gida ya tashi. Mu da muka rage baƙi ne.”

A ranar ɓawon ya saki. Gwadabe ya sa aka tsame, aka saɓule, aka shanya a kan ganuwa. Abin takaici, tun da yake bai taɓa ganin zare irin wannan ba, dogo, mai laushi, mai sheƙi. Ya tara matufka, leɓunansu a tsage don ƙishirwa, ya sa su murza, shi ma ya zauna ya naɗe wando ya yi ta murzawa kamar wanda aljani ya hau. Mutane na wucewa suna tofar da yawu in suna da shi. Shi kuwa gani yake in dai igiyar ta kammala, to bai yi kuskure ba, ko ta yaya za a sami hanyar kai wa Tambari. Ɗakunan ajiya suka cika har rufi. Sai wata safiya masu gadi suka kira shi kan ganuwa suka nuna masa raƙuma a sansanin Duna, da mutane masu baƙin rawani zaune suna shan inuwa. Tambari ya zo, amma ba wajensu ba.

Majalisa ta sake zama, wannan karon ba dogon jawabi. Kaura ya ce, “Allah ya ba ka nasara, dawakinmu sun daina cin ciyawa. In muka ƙara jira, da ƙafa za mu fita, in ma mun iya tsayuwa. Gara mu mutu a fili.” Galadima ya ce shi ya tsufa da hawa, a bar masa tsaron ƙofar yamma. Sarki Barmo ya sa sulke, ya ce shi ya yarda da jiƙon, shi zai shige gaba. Bai ko dubi inda Gwadabe yake ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Gwadabe na kan ganuwa lokacin da aka buga tambura aka buɗe ƙofar gabas. Kaura ya shirya a bi ta tudu a faɗa wa rumfar Duna ta gefe. Amma da iska ta kaɗo ƙamshin kogi, dawakin da suka daɗe ba su sha ruwan kirki ba suka ƙi linzami. Suka karkata gaba ɗaya suka zuba cikin fadama a guje, mahaya na ja suna ihu a banza. Fadamar kuwa cike take da kututturan nan, sun bushe sun yi tsini kamar an fere su. Doki ya taka ya durƙushe, na baya ya hau kansa, mahayi ya faɗo a kan tsini. Dakarun da ke biye da ƙafa ba takalmi suka kasa gaba suka kasa baya. Maharban Duna suka taso daga gaɓar kogi suka yi ta zuba kibiya a natse, ba mai gaggawa. Gwadabe ya ga laimar Sarki ta karkata ta faɗi. Ya ga Kaura ya tashi da ƙafa ɗaya yana sara har aka rufe shi. Kafin ya sauko daga ganuwa ya ji guɗa daga yamma, Galadima ya buɗe wa mayaƙan Duna ƙofa.

Da la'asar aka kawo Gwadabe ƙofar fada. Sarki Duna na zaune a karagar Barmo, baƙi ne gajere mai sanyin murya, Galadima Cindo na damansa da sabuwar alkyabba. Gwadabe ya jira takobi, har ya ji yana marmarinsa. Sai Duna ya ɗago wani rukunin igiya daga gefen ƙafarsa, ya ja ta tsakanin hannuwansa, ya jinjina kai.

Ya ce, “Kai ne Sarkin Tufka? Na yi yaƙi a ƙasashe da yawa, ban taɓa riƙe igiya irin wannan ba. Na taho ina tunanin da me zan ɗaure mutanen birni guda, sai na tarar ka cika mini ɗakuna. Ka kuma ba ni gari ba tare da na ɗora tsani ba. Ba na kashe wanda ya yi mini aiki. Rawaninka na nan, fadamarka na nan, baɗi ka ninka.”

Galadima ya sunkuyo wajen Gwadabe, ya ce a hankali yadda su biyu kaɗai za su ji, “Da ni na ce a jiƙa ta a tafki, da ka rantse da kabarin ubanka ba za a yi ba. Shi ya sa na ce a ƙona.”

Aka naɗa masa rawanin a kai, aka tsayar da shi a gefen hanya cikin manya don ya ga fitar bayi. An jera su wuya da wuya, maza daban mata daban, za a kai su Tsagaya, rabi kuma na Tambari ne. Ya san kowace fuska, ya kuma san kowace igiya, har yana iya faɗin wanda ya murza ta. Magajiya Kuluwa ta wuce ba sanda, ba ta dube shi ba. Can cikin sahun maza ya hango Barau, ƙafarsa ɗaya na jan jini inda tsinin rama ya huda ta, hannuwansa a baya. Igiyar wuyansa mai ruɓi uku ce, matsattsiya, irin wadda ba mai yi a Magurji sai mutum ɗaya.

Da sahun ya zo daidai ƙofar gidansu, matar Barau ta ƙwalla kiran sunansa daga sahun mata. Barau ya tirje. Ƙaƙƙarfa ne, ya taɓa kayar da bijimi da hannu. Ya sunkuya ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa ya fizga, jijiyoyin wuyansa suka tashi, mutanen da ke gabansa da bayansa suka zube. Masu tsaro suka yo kansa da bulala, bai fasa ja ba. Gwadabe ya ji bakinsa na motsi. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa roƙon Allah abu irin wannan ba, amma ranar ya roƙa da dukan zuciyarsa, ya ce ya Allah ko sau ɗaya, ko zare ɗaya, ka sa a ce na yi ha'inci a aikina.

Igiyar ba ta tsinke ba. Aka tashe su da duka, sahu ya miƙe, suka fita ta ƙofar gabas.